Goggo Kulu, Mai Sanin Sunayen Hadari

Ina tsakar gida da hantsi ina bakacen gero aka yi sallama a zaure. Na san muryar, amma ban tuna inda na san ta ba. Baba ya fita, ya jima, sa'annan ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa bai ƙaraso ba. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kulu ta riga mu." Inna ta ajiye muciya. Ni kuwa na ci gaba da kaɗa faifai, geron yana zubewa ƙasa kaji suna tsincewa, har sai da Inna ta zo ta karɓe shi daga hannuna.

Wanda ya kawo labarin shi ne Garba, ɗan Baba Arzika na Kalgo. Da ƙafa ya zo Gwandu, ya kwana a hanya, kuma ba wanda ya aiko shi, shi ya ce shi zai zo. Duk wanda ya san abin da ke tsakanin gidanmu da gidan Baba Arzika zai yi mamakin wannan. Baba ya ce tunda a gidanmu ni na fi kowa zama da marigayiya, in rubuta abin da na sani a karanta wa mata ranar sadaka. Ni ba mai magana cikin mutane ba ce, kowa ya sani. Amma takarda ba ta kallon mutum, don haka zan gwada.

Goggo Kulu ƙanwar Baba ce, ciki ɗaya. Tana yarinya ƙarama, kafin zuwan Nasara, ta tafi fadamar Kalgo cirar bado ba ta dawo ba. Aka nema har aka gaji, kakarmu ta rasu da sunanta a baki. Ashe wani mai jirgi ne ya ɗauke ta ya gangara da ita gulbi, ya sayar da ita can ƙasa. Daga hannu zuwa hannu ta kai wani gari a bakin Kwara. Da aka hana cinikin bayi aka tara irinsu yara marasa kowa a wani gida, inda wasu matan Turawa suka koya musu ɗinki da Turanci. Ta girma a can, ta yi aure, mijin ya rasu ba su sami haihuwa ba. Sai wata rana ta biyo fatake ta sauka Kalgo da ƙullin kayanta a ka. Ba wanda ya gane ta sai da wata tsohuwa ta kama haɓarta ta juya fuskarta wajen rana, ta ga tsagar gidanmu.

Kowa a Kalgo ya san mai jirgin nan Baba Arzika ne, kuma kowa ya yi shiru. Goggo ma ba ta ce komai ba. Ta zauna a gidan mahaifinsu tare da ƙaninta Baffa Sani, tana ɗinkin rigunan yara. Sallah ma sai da Baba ya sake koya mata, ko da yake kalmar shahada ba ta taɓa barin bakinta ba. Mutane suna gaishe ta, amma daga nesa. Shirunta ne ya fi ba su tsoro. Sukan ce wanda aka yi wa haka bai dawo don banza ba. Ita kuwa abin da na sha ji daga bakinta guda ne: "Ni dai a binne ni Kalgo, inda Innata take. Shi ya dawo da ni."

Da na isa taya aiki aka tura ni Kalgo in yi damina wurinta. Na tafi da wasu tsoffin takardun Baba a ƙasan tufafina, masu labaran masoyan gabas, waɗanda akan raba su da makirci, saurayi ya ƙetare teku, ya sami bokan da zai taimake shi, ya dawo ya ɗauki fansa. Su nake karantawa in na ɓuya bayan rumbu. A raina Goggo irin mutanen cikin takardun nan ce, ina ta jiran ranar da za ta tashi. Sai na tarar da mace siririya mai ciwon baya, wadda ke faɗa da awaki kullum a kan shanyarta.

Ita ta fara kama ni. Ta leƙo bayan rumbu ta ce, "Saude, wanga saurayi naki na takarda, ya iya daka? In bai iya ba taso ki kama taɓarya." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da muna dakan ta ce in ba ta labarin, ta saurara har ƙarshe, ta ce yarinyar labarin ba ta da wayo, amma tana tausayinta.

Daga nan muka fara musaya. Hausar Goggo ta dawo da gibi. Ta iya ta kasuwa da ta gaisuwa, amma sunayen kifi da na ciyayi da na ruwan sama duk sun zube mata a hanya. Ni kuma ina son in ji yadda Nasara ke kiran abubuwa. Sai ta ce mu yi kamar yadda matan Fulani ke yi da mu, a ba da nono a karɓi hatsi: ta ba ni kalma, in ba ta kalma. Kuma tana da ƙa'idar da ba ta taɓa karyawa ba. Takan ce, "Ba ni ba da kalma sai abinta ya zo. Kalmar da kika koya ba ki ga abinta ba, baƙuwa ce, ba ta kwana." Don haka sunan kifi sai an kawo kifi, sunan wuta sai an hura. Wata rana na daure, fuskata a cikin gyale, na tambaye ta yadda suke cewa so. Ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "Ya zo ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To, jira shi."

Kalmomin hadari ma sai da muka jira hadari. Ya haɗo wata la'asar daga gabas, baƙi ƙirin, a farkon damina. Goggo ta jawo ni tsakar gida, iska tana kaɗa zanenta, ta miƙa hannu sama tana nunawa, tana ɗaga murya don iska ba ta bari a ji. Ta nuna gajimare ta ce kilaud, na maimaita. Walƙiya ta keta ta ce laitinin, na maimaita. Ta buɗe hannuwanta biyu kamar za ta rungume gabas duka ta ce sitom, wato hadarin gaba ɗayansa da iskarsa da rugugi. Haka dai kunnena ya ji su, haka kuma nake rubuta su. Da ɗigon farko ya faɗo mata a goshi ta ce ren, tana dariya kamar yarinya. Ni kuma na biya ta da yayyafi da malka, ruwan nan da ke wuni yana zuba. Ta yi ta juya malka a bakinta, ta ce rabonta da jin ta tun tana goye da 'yar tsana. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ba mu lura ba cewa matan maƙwabta suna kallonmu ta kafar zana.

Iskar nan ta yi ɓarna kaɗan-kaɗan a gari, amma gida guda ta fi ji wa. Ta ɗauke jinkar ɗakin Baba Arzika ɗungurungum ta jefa cikin fadama, ta yaye ta ɗakin matan gidan. Kafin rana ta take washegari maganar ta gama Kalgo: Kulu ta tsaya tsakar gida ta kira hadari da bakin Nasara, ta nuna masa gidan da zai faɗa wa, har tana koya wa ɗiyar Gwandu. Mata suka daina zuwa ɗibar wuta gidanmu. In Goggo ta isa rijiya sai a janye guga a watse. Wata ta aiko a karɓo rigar ɗanta ba a gama ɗinkin ba. Sai ga saƙo daga mai gari zuwa ga Baffa Sani, cewa zai fi kyau Kulu ta tafi Gwandu wurin yayanta har ƙura ta lafa. Kowa ya san irin wannan tafiya ba a dawowa.

Baffa ya faɗa mata kansa a sunkuye. Ta ci gaba da zura zare a allura, ta ce, "An fid da ni garin ga sau ɗaya cikin jirgi. Ba ni fita na biyu da ƙafata."

Da ya fita na matso kusa da ita. Kaina cike yake da labaran takarduna, kuma wani ɓangare na zuciyata yana so abin ya zama gaskiya. Na ce a hankali, "Goggo, ke kika yi?"

Ta ajiye ɗinkin ta yi dariya har da riƙe baya. Ta ce, "Ga abin ya zo, karɓi kalmarsa. Majik suke ce ma sihiri. Ɗiyata, da ina da shi, ai tun ina ƙarama da na tashi sama na dawo gida, in iske Innata da rai."

Na ce, "To ɗaukar fansa fa?"

Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Ribenj. Wagga ba a koya min ita ba, ni na je na tambaya, tun ban iya ce ma ruwa ruwa ba da bakinsu. Na daɗe ina goyonta." Sa'annan ta ce, "Biya ni. Mi ake ce ma ciyawar can da Sani ya ɗaure min a rumfa?"

Na ce shuci. Ta ce jera ta da igiya fa? Na ce yanta. Ta ce rufa ɗaki da ita? Na ce baibaya. Ta gyaɗa kai tana maimaitawa, kamar mai ƙulla abu a bakin zane.

Shucin nan nata ne. Tun da rani Baffa ya yanko mata, ita da kanta ta zauna ta yanta shi, don jinkar ɗakinta ta tsufa tana yoyo. Wanda ya san damina ya san a farkonta ba a samun busasshen shuci ko'ina, tsohon ya ƙare, sabon bai fito ba. Gidan Baba Arzika kuwa suna nan a buɗe. Ko da akwai mai sauran ciyawa bai kai ba, kuma ba a kira gayya ba, don ba namijin da zai yarda ya hau ɗakin da aka ce an yi wa jifa. Suna tsoron abin ya bi su gida. Tsohon yana kwance ƙarƙashin tabarma da aka kafa da sanduna, yana tari.

Da safe Goggo ta ɗora dami guda a kanta, ta ɗora min guda. Ba ta bi ta bayan gari ba, ta tsakiyar gari ta bi, ta gaban masu saƙa da bakin rijiya, tana gaida kowa da sunansa. Ni dai idona yana kan diddigenta. Muka yi sallama gidan Baba Arzika, ba wanda ya amsa. Matan suka ja yara jikinsu. Goggo ta sauke damin a gaban tsohon, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa babba.

Ta ce, "Baba, an kwan lahiya? Ya jiki?"

Ya ɗago da ƙyar ya ce, "Kulu, ki bar mu haka nan. Abin da kika yi ya isa. Yaran ga ba su san komi ba."

Ta ce, "Iska ta Allah ce, Baba. Ni abin da hannuna ya kawo shi ne wanga."

Ya dubi shucin, ya dube ta. Ya ce, "Kin san ko ni wane ne?"

Ta ce, "Na san ka. Bayanka na fi sani, shi na yi ta kallo kana tuƙi. Ka gasa min kifi a hanya, ka cire min ƙaya."

Ban taɓa ganin tsoho yana kuka ba sai ranar. Ya ce, "Ki yahe min, don Allah."

A labaran da nake karantawa, nan ne ake zare takobi ko a rungumi juna. Goggo ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ba yau ba, Baba. Ba ni iya yi maka ƙarya. Yau don ruwa na zo, ga shi can shina haɗowa." Ta juya wajen Garba, wanda ke tsaye jikin danga, ta ce, "Kai kuma, ƙato da kai, sai na hau da kaina? In jifa ce, ga ciyawata, ta fara cin mai ita."

Garba ya tuɓe riga ya fara haɗa itacen jinka. Muka koma muka kwaso sauran damman. Kafin mu dawo na ƙarshe maza biyu sun shigo suna riƙe masa, suna cewa dama hanya ce ta biyo da su. Zuwa azahar gidan ya cika, ana baibaya ana gardama a kan wanda ya fi iya ɗaure tanka a jikin jinka. Goggo ta zauna cikin matan tana gyara yantar da ta kwance. Sai Hajo, jikar Baba Arzika, sa'ata ce amma ita ba ta da kunya irin tawa, ta nuna gabas ta ce, "Goggo, shin mi kika ce ma wancan ranar nan?" Matan suka juyo suna kallon Goggo. Goggo ta ce, "Kilaud. Gajimare ke nan, ba wani abu ba. In kina so ki biya ni da sunan kifin da kakanki ya fi kamawa." Hajo ta ce ragon ruwa. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe Nasara ma gajimare gare su." Aka yi dariya, kuma daga wannan dariya ban sake jin maganar tafiya Gwandu ba. Mai gari bai janye saƙonsa ba, bai kuma sake aiko shi ba.

Ɗakin Goggo ya yi yoyo daminar nan duka. Mukan jera ƙore da tukwane, mu ja tabarma gefe. In na yi ƙorafi takan ce, "Ren ne ya zo gaishe ki, kin san sunanshi, amsa mishi." Kafin kaka, in hadari ya haɗo sai ka ji yaran Kalgo suna gudu suna kiran sitom, iyayensu suna kora su ɗaki. Hajo ta zama ta uku a musayarmu, kuma ta fi ni saurin kamawa, abin da ya ɗan ci min rai.

Da aka yi girbi na dawo Gwandu. Ban sake ganin Goggo ba. Garba ya gaya wa Baba, ni kuma ina bayan ƙyaure ina ji, cewa zazzaɓi ne ya kwantar da ita, bai daɗe ba. Hajo ce ta yi jinyarta tare da matar Baffa. Da ta ji jikin ya yi nauyi sai ta ce da Hajo, "Tahi ki ce ma kakanki, yau ne." Hajo ba ta gane ba, amma ta kai saƙon yadda aka ba ta. Tsohon ya gane. Ya sa aka riƙo shi har ƙofar ɗakinta, ya zauna a ƙasa, bai tashi ba sai da aka fito da ita. Garba da ƙannensa suka haƙa kabarin, a gefen da tsofaffi suka nuna cewa nan aka sa kakarmu. Ya ce bai ga namijin da ya rage a gida ba ranar, har Fulanin da suka sauka da shanunsu a mashekari sun zo sallar jana'iza. Baba ya saurara, ya share ido da hannun riga, ya ce, "To, ta samu."

Da Garba zai tafi ya ce a kira masa Saude. Na fito na durƙusa nesa. Ya ce Hajo ta ce a gaya min Goggo ta bar min ajiya a wurinta, kalma ce guda, wadda na taɓa tambaya aka ce in jira. An hana ta faɗa min sai ranar da abin ya zo, kuma sai na biya. Inna ta ce wace kalma ce wannan? Na ce ban sani ba, na koma ɗaki da sauri. Ina kuka, amma sai na ji dariya tana neman kuɓuce min, don na san da irin kallon da Goggo ta faɗe ta.

Hadarin farko na bana ya haɗo jiya da la'asar. Na fita tsakar gida ni kaɗai, na kira kalmomin da Goggo ta koya min ɗaya bayan ɗaya a hankali, ba wadda ta ɓace min.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu ta zo gare Ka. Ta yi baƙunci mai tsawo a duniya, kada Ka sa ta yi baƙunci a kabarinta. Ka yalwata mata shi, Ka haskaka shi, Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Kamar yadda ta rufa wa wasu ɗaki ta bar nata yana zuba, Ka lulluɓe ta da rahamarKa, Ka sada ta da mahaifiyarta a Aljanna. Ka ba Baba da Baffa Sani haƙurin rashinta, su da suka rasa ta sau biyu. Ka dubi Baba Arzika da tsufansa, Ka karɓi tubansa, tunda wadda ya zalunta ta sake shi. Ka raya Hajo, Ka bar zumunci tsakanin gidajen nan biyu. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.